Daga waƙa zuwa rubutun fim da furodusin, ta ina ake farawa?

Mai_Amshi:
Salam 'yan'uwa. Na daɗe ina waƙa, ni nake rubuta baitocina kuma ina ɗan taɓa kiɗa a situdiyo, amma yanzu labaran da suke zuwa min a kai sun fi ƙarfin minti huɗu, wlh sai in ga mutane suna magana suna faɗa suna shiryawa kuma ba yadda zan cusa su a waƙa ɗaya. Ina so in koma rubutun fim, nan gaba in yi furodusin da kaina. Don Allah waɗanda suka sani, in fara da rubutu ne ko in tara kuɗi in shirya fim kai tsaye?

Baban_Sin:
Wa alaikumus salam. Rubutu tukunna ɗan'uwa. Abin da zai fara ba ka wahala shi ne a waƙa kana da damar ka fito ka ce zuciyata ta ƙone kuma a ji daɗi, a fim kuwa in jarumi ya buɗe baki ya faɗi haka ya kashe sin ɗin (wato fitowa ɗaya a cikin fim), dole mu gani da ido, ya ɗauki waya ya ajiye ya sake ɗauka ya kasa kira. Kyamara ba ta ɗaukar abin da ke cikin rai sai abin da jiki ya yi. Sannan ka koyi tsarin sikirif, wato rubutaccen labarin fim, kowane sin a sama za ka rubuta ciki ne ko waje, wane wuri, dare ko rana. Shafi ɗaya kusan minti ɗaya ne a allo, shi ya sa cikakken fim yake kai shafi 90 zuwa 120. Akwai manhajojin Final Draft da Celtx masu jera maka tsarin. Ka fara da gajere mai shafi 10, mutum biyu, wuri ɗaya.

Hajiya_Edita:
Ni dai kar ka raina abin da ka zo da shi. Mu masu editin mun san mawaƙi yana da kunne, ya san inda ya kamata a yi shiru da inda za a yanke, wasu marubutan sai sun shekara suna koyon wannan. Vishal Bhardwaj na Indiya da kiɗan fim aka san shi, shi ya yi kiɗan fim ɗin Maachis a 1996, sai 2002 ya ba da umarnin fim ɗinsa na farko, kuma bai bar yi wa finafinansa kiɗa ba. Ice Cube na Amurka ma daga waƙar rap ya fito, ya fara da aktin a 1991 sannan suka rubuta fim ɗin Friday shi da abokin aikinsa DJ Pooh, ya fito a 1995. Ka lura duk su biyun sai da suka zauna cikin aikin wasu suka ga yadda ake yi.

Baban_Sin:
Haka ne Hajiya, amma a faɗa masa ɗaya ɓangaren. Boots Riley, mawaƙin rap na Amurka, ya gama sikirif ɗinsa tun 2012, fim ɗin bai fito ba sai 2018, kuma mutum ne da ya riga ya yi suna a waƙa.

Furodusa_Ƙarami:
Maganar furodusin ce ta sa na tsoma baki. Malam kar ka zuba kuɗinka yanzu, ina roƙonka. Aikin nan lissafi ne, kasafi da jadawalin ɗauka da yarjejeniya da 'yan wasa da izinin lokeshan, rana ɗaya ta lalace kowa sai ka biya shi ko ba a ɗauki komai ba. Ka nemi a ba ka kiɗan wani fim ko ka bi furodusa a matsayin mataimaki har a gama aiki ɗaya. Kuma ka duba takardun tsofaffin waƙoƙinka, in wani kamfani ne ya mallaki rikodin ɗin to ko a fim ɗinka sai da izininsu za ka saka.

Mai_Amshi:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Zan fara da gajeren. Baban_Sin in na gama shafi goman zan iya turo maka ka duba min maganganun 'yan wasan?