Wace manhaja ce mai araha da sauƙin koyo don sa wa mutanen cikin gem motsi?

Ɗan_Samaru:

Assalamu alaikum. Mu uku ne ɗalibai a nan Samaru, muna haɗa ƙaramin gem na wayar Android. Jarumin dogari ne mai babbar riga da rawani, yana ratsa cikin birnin Zazzau daga Ƙofar Doka zuwa fada, akwai kuma mataki ɗaya na hawan doki. Zane da rubuta kod muna taɓawa. Inda muka cije shi ne motsi: tafiya, gudu, tsalle da kaɗa bulala. Laftof ɗinmu Core i5 ce mai RAM 8GB, babu katin zane na daban, injin haɗa gem da muka ɗauka kuma Godot 4 ne. Har yanzu ba mu yanke ba tsakanin 2D da 3D. Wasu sun ce Spine, wasu Blender, wasu Mixamo. Wacce ce ba za ta ci kuɗi ba kuma za mu iya koyo cikin zango ɗaya?

Malam_Kwarangwal:

Wa alaikumus salam. Ƙanena, ku fara yanke maganar 2D ko 3D, domin ita ce ke zaɓar muku manhaja. Da wannan laftof ɗin da mutum uku, ni 2D zan ce, kuma ba sai kun sayi komai ba.

Hanya biyu ce a 2D. Ta farko, zana kowane firem, wato kowane hoto ɗaya na motsin, da hannu. Krita kyauta ce, kuma tana nuna inuwar firem ɗin baya a ƙarƙashin wanda kake zanawa. Idan zanen ɗigo-ɗigo irin na tsofaffin gem kuke so, akwai Aseprite a kusan dala 20, ko LibreSprite da Pixelorama kyauta. Tafiya tana fita da firem 8: diddige ya taɓa ƙasa, jiki ya sauka, ƙafa ta gifta 'yar'uwarta, jiki ya ɗaga, sannan a maimaita huɗun da ɗaya ƙafar. Ku kunna shi a firem 10 zuwa 12 a daƙiƙa cikin AnimatedSprite2D. Matsalarta nauyi ne a waya. Firem ɗaya mai girman ɗigo 256 sau 256 yana cin 256KB idan ba a matse ba, wato shafin hoto mai ɗigo 2048 sau 2048 yana ɗaukar firem 64 ne kawai ya kuma cinye 16MB. Jarumi ɗaya mai motsi takwas ya cika shafi guda, ba a zo kan doki da mutanen kasuwa ba.

Ta biyu, yanka jiki gaɓa-gaɓa a sa masa ƙasusuwa. Ku zana kai, gangar jiki, damtse, hannu, cinya, ƙwauri da tafin ƙafa kowanne a shimfiɗarsa, ku fitar da su PNG marasa bango. Ku ƙara ɗan tsawo mai zagaye a kowace mahaɗa, in ba haka ba da an lanƙwasa gwiwar hannu sai rami ya bayyana. A cikin Godot ku jera su da Skeleton2D da Bone2D, ku ɗauki motsin da AnimationPlayer. Ƙashi 15 zuwa 20 ya ishi dogari, kuma hoto ɗaya ne zai yi duk motsin, saboda haka wayar mai RAM 2GB ma za ta ɗauka.

Spine ta fi wannan daɗin aiki, babu musu, amma ku san abin da kuke saya. Ta gwaji ba ta adana aiki kuma ba ta fitar da shi. Essential, mai arahar cikin nau'o'inta, ba ta da lanƙwasa hoto da raga (ɗigogin da ake haɗawa a kan hoto a riƙa jan su), ba ta da IK (inda ake jan hannu ko ƙafa sauran gaɓar ta biyo), alhali lanƙwasa ragar nan ita ce abin da babbar riga ke buƙata. Professional ta haura dala 300. Polygon2D na Godot yana yin irin wannan lanƙwasawar kyauta, sai dai da ɗan wahalar hannu. DragonBones kuwa ku bar ta, an daɗe da daina kula da ita.

Hajiya_3D:

Malam ya yi bayani, amma ban yarda 3D ta fi ƙarfinsu ba. A wajen motsin mutum ma ita ce gajeriyar hanya, saboda Mixamo. Ta Adobe ce, kyauta ce da asusun Adobe, a burauza take aiki, don haka ba ta nauyaya laftof, data kawai take ci.

Ku ƙera jarumin a Blender, manhajar ƙera abubuwan 3D, yana tsaye hannuwa a miƙe kamar harafin T, alwatikan da ke haɗa ragar jikinsa ku tsaya a kusan dubu 5 zuwa 10 tunda waya ce. Ku danna Ctrl+A ku zaɓi All Transforms, sannan ku fitar da shi a fayil nau'in FBX ku ɗora a Mixamo. Za ta ce ku ajiye alama a haɓa, wuyan hannu, gwiwar hannu, gwiwar ƙafa da tsakanin cinyoyi, sai ta sa ƙasusuwan da kanta. Ku zaɓi kwarangwal marar yatsu ko mai yatsu kaɗan, babu mai ganin yatsa a fuskar waya. Saukewar farko ku ɗauko da jiki, sauran motsin kuma Without Skin, fayil ɗin zai yi ƙanƙanta sosai. A tafiya da gudu ku kunna In Place, idan ba haka ba jarumin zai yi gaba ya bar akwatin karonsa, wanda gem ke gane ya bugi abu da shi, a baya, ya dawo da tsalle duk lokacin da motsin ya zagayo.

Abubuwa uku ke kayar da masu farawa. FBX na Mixamo yana shigowa Blender da ma'aunin 0.01 a kan kwarangwal. Idan kuka gyara ma'aunin bayan motsi ya riga ya hau, lambobin matsawar ƙugu ba sa canzawa tare da shi, sai jarumin ya riƙa cilla kansa nesa. Ku bar shi yadda ya zo. Na biyu, motsin da ba a danna masa Fake User ko Push Down zuwa NLA (sashen jera motsi a Blender) ba yana ɓacewa idan an rufe fayil, domin Blender na zubar da abin da babu mai amfani da shi. Na uku, zamiyar ƙafa: saurin da kod ya ba jarumi bai yi daidai da tsawon takunsa ba. Idan zagayen tafiya ɗaya yana cin mita 1.4 a daƙiƙa ɗaya, to saurin a kod ya zama 1.4, ko ku ƙara saurin motsin daidai gwargwado.

Zuwa Godot ku fitar da fayil nau'in glb, shi injin ya fi jituwa da shi, ko da yake tun 4.3 yana karɓar FBX kai tsaye. Ku zaɓi Compatibility a matsayin mai zana hoton. Idan Blender 4 ta ƙi buɗewa, katin zanen Intel da ke cikin laftof ɗin ne bai kai OpenGL 4.3 ba, ku sauke Blender 3.6 LTS, ita OpenGL 3.3 take nema, kuma babu abin da na lissafa da ba ta yi.

Ɗan_Samaru:

Mun gode Malam, mun gode Hajiya. To rigar fa? Mun ji an ce Mixamo na rikicewa da kaya masu faɗi. Shi kuma dokin?

Injiniya_Kongo:

An gaya maka gaskiya, kuma nan ne ainihin aikin gem ɗinku yake, ko 2D ko 3D. Mixamo tana raba kowane ɗigon raga ga ƙashin da ya fi kusa da shi. Babbar riga kuwa tana rataye ne daga kafaɗa ta rufe ƙafafu biyu, saboda haka rabin gabanta zai bi ƙafar dama, rabi ya bi ta hagu, da ya taka sai tsakiyar ta miƙe kamar danƙo, cinya ta huda ta fito.

Ku ɗora jikin kaɗai a Mixamo, da wando da 'yar ciki masu kama jiki. Bayan ya dawo, ku ɗora rigar a Blender a matsayin abu daban. Ku ƙara jeri huɗu na ƙasusuwa daga ƙugu, gaba, baya da gefe biyu, kowane jeri ƙashi biyu ko uku. Saman rigar ku ba wa ƙashin ƙirji da kafaɗu, ƙasanta ku ba wa sababbin jerin, cinya kuma kada nauyinta, wato rabonta na jan rigar, ya wuce 0.2 ko 0.3. Ku yi Limit Total a kan 4 sannan Normalize All, domin injinan gem galibi ƙashi huɗu suke karantawa ga kowane ɗigo, idan ya wuce sai rigar ta yamutse a waya alhali a Blender lafiya lau take. Sassan jikin da riga ta rufe gaba ɗaya ku goge su. Abin da babu shi ba ya hudowa. Kada ku kunna lissafin yadi na gaske, wato injin ya riƙa kaɗa rigar da kansa, zai durƙusar da wayar. Kaɗawar rigar ku yi ta da hannu, ta riƙa biyo jiki a baya da firem 2 ko 3. Akwai kuma dabara mai sauƙi da al'ada ta riga ta ba ku: a naɗe hannayen rigar a kan kafaɗa yadda ake yi idan za a yi aiki, rabin matsalar ta tafi. Jelar rawani ƙashi biyu sun ishe ta.

Idan Blender ta ce ta kasa samo mafita yayin raba nauyi da kanta, ɗigo ne suka hau kan juna. Ku shiga Edit Mode, ku zaɓi duka, M, By Distance, ku sake.

Doki kam Mixamo ba ta san shi ba, mai ƙafa biyu kawai take karɓa. Rigify, kayan sa ƙasusuwa da ke cikin Blender, yana da kwarangwal na doki a shirye, amma yana haifar da ɗaruruwan ƙasusuwan sarrafawa, don haka wajen fitarwa ku zaɓi ƙasusuwan da ke lanƙwasa jiki kaɗai. Sukuwar kuma da hannu za ku yi ta, firem bayan firem, kuna kallon bidiyon hawan sallah a hankali. Ita kaɗai za ta iya cin lokacin da duk motsin dogarin ya ci. Shawarata ku ajiye matakin dokin sai kun gama na ƙasa ya yi aiki a waya.

Malam_Kwarangwal:

Abin da Injiniya ya faɗa shi ya sa nake kan bakana. A 2D rigar Polygon2D ɗaya ce da ƙashi huɗu ko biyar, doki kuma firem 8 ne daga gefe. Amma idan kyamarar za ta riƙa juyawa a lungunan cikin birni, to hanyar Hajiya ce. Ku ba kowace hanya mako ɗaya da tafiya kaɗai, ku sa a waya mafi rauni da kuke da ita ku kwatanta.

Kada wani ya ba ku Spine ta sata a filas. Lasisin ba manhajar kaɗai ya shafa ba, har da kod ɗinta da ke shiga cikin gem ɗin, saboda haka matsalar za ta bi ku har Play Store. Saboda ɗaukewar wuta kuma, Blender na adana aiki da kanta duk minti 2, ana samo shi a File, Recover, Auto Save. A Godot babu wannan, sai ku saba da Ctrl+S, ku kuma sa aikin a Git, mai adana tarihin canje-canjen aiki, tun ranar farko.