Masu riƙe da asusun fansho na kansu a Ostiraliya: nawa yake ci muku, wa kuke tuntuɓa?

Maman Hanifa, Melbourne:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ni da maigida muna tunanin kwashe kuɗin super ɗinmu (kuɗin fansho da ake tara wa ma'aikaci a nan) mu buɗe SMSF, wato asusun da mutum ke juyawa da kansa. Abin da ya tunzura mu shi ne son sanin inda kuɗinmu ke kwana, kada a zuba su a harkar kuɗin ruwa ko giya. Waɗanda suka riga mu shiga, don Allah ku faɗa mana gaskiyar ɗawainiyar.

Baban Sadik, Perth:
Wa alaikumus salam Hajiya. Kuɗin buɗewa sau ɗaya ne, na shekara-shekara ne ke cizo. Hukumar haraji ta ATO na karɓar dala 259 duk shekara. Dole kuma mai binciken lissafi da ke da rajista da ASIC, hukumar da ke sa ido kan kamfanoni da harkokin kuɗi, ya duba littattafanku kowace shekara, ko da ba ku saya ba ku sayar ba. Ga ladan akanta. Mu kamfani muka naɗa ya zama amintaccen da ke riƙe da asusun a madadinmu, shi ma yana da kuɗin sabuntawa. Idan na haɗa nawa, yana haura dala dubu biyu. Waɗannan kuɗi ba ruwansu da ko asusunka ya yi ƙiba ko ya rame, shi ya sa mai ɗan abin hannu ya fi jin jiki. ASIC ta taɓa nuna cewa asusun da kuɗinsa bai kai dala 500,000 ba da wuya ya biya, ta janye adadin a 2022, amma lissafin na nan.

Injiniya, Sydney:
Ni batun shawara zan taɓa. Akantan da ke cike mini takardun haraji na fara tambaya ko in buɗe, ya ce bakinsa da goro. Tun 1 ga Yuli 2016 akanta ba shi da ikon ce maka ka buɗe SMSF sai yana da lasisin ba da shawarar kuɗi. Ya tura ni shafin Moneysmart, inda ake duba rajistar masu ba da shawara, na ga lasisin mutumin da tarihin aikinsa kafin na zauna da shi. Na biya shi, ban kuma ji zafin kuɗin ba, don shi ya tuna mini cewa inshorar rai da ta nakasa da ke cikin tsohon asusuna za ta faɗi ranar da na kwashe komai.

Hajiya, duk wanda ya kira ku a waya yana cewa zai buɗe muku kyauta in dai za ku sayi gida ta hannunsa, ku kashe wayar. Lokacin da kamfanin juya kuɗin fansho na Trio Capital ya durƙushe a 2009, gwamnati ta biya diyya ga 'yan manyan asusun da hukumar kula da bankuna da fansho, APRA, ke sa wa ido, masu SMSF kuwa ba su samu wannan diyyar ba.

Anti Rabi, Adelaide:
Ni na buɗe na rufe. Mahaifiyata ta kwanta jinya a Zariya, na ga zamana a gida zai yi tsawo. Doka ta ce jagorancin asusun ya kasance a Ostiraliya. Ana ɗaga ƙafa ga tafiyar wucin gadi, galibi har shekara 2. Idan asusun ya fita daga ƙa'ida, harajin 15 cikin ɗari na iya komawa 45. Rufewar ma sai da na biya akanta da binciken ƙarshe. Na mayar da kuɗin wani asusu da ke bin tsarin Musulunci, akwai su a ƙasar nan, ku duba su tukuna.

Baban Sadik, Perth:
Anti ta tuna mini. Ƙanena ya nemi rancen jari daga asusun, na ce masa doka ta hana ba ɗan uwa ko sisi, haka ma zama a gidan da asusun ya saya. Bai ji daɗi ba, sai da Yaya ya sa baki.

Maman Hanifa, Melbourne:
Allah ya saka da alheri, Anti Allah ya ba Mama lafiya. Maigida na da niyyar komawa Kano kafin ya kai shekara 60, don haka maganarki za mu fara kai wa mai ba da shawarar. Injiniya, shin na zama ɗaya ka biya shi ko na shekara?