Shin dole ne mai bincike ya ware sakamakon mata da na maza?

Mamane: Jama'a, wata mujallar nazarin halayyar ɗan'adam ta maido mini da binciken da na yi kan damuwar ɗalibai a Yamai. Wai in bi ƙa'idar SAGER, wadda ta tsara yadda za a bayyana jinsi a rahoton bincike, in faɗi mata nawa, maza nawa, in ware sakamakonsu. Ni dai gani nake rigimar Turawa ce ake son ɗora mana. Damuwa ai damuwa ce.

Hajiya Ramatou: Haba ƙanena. Gaskiya ne ƙungiyar editocin kimiyya ta Turai ce ta fitar da ita a 2016, amma me ta nema? In maza kaɗai ka tambaya, ka faɗa tun a taken binciken. In ba ka ware ba, ka kawo dalili. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ciwon damuwa mai tsanani ya fi yawa a mata da kusan kashi 50 cikin ɗari. Ka cakuɗa su, ka ɓoye wannan.

Malam Issoufou: An taɓa yin ɓarnar. A 1958 Lawrence Kohlberg, masanin halayyar ɗan'adam ɗan Amurka, ya gina matakan tarbiyyar ɗan'adam a kan yara maza 72 na Shikago, aka yi ta auna mata da wannan mudu, har wata masaniyar fannin, Carol Gilligan, ta ƙalubalance shi a 1982.

Mamane: Malam, matan da suka amsa mini ƴan kaɗan ne. In na ware su, bambancin ƙarya zai fito.

Zeinabou: Yaya Mamane, tambayar ita ce me ya sa suka yi kaɗan. A ƙauyukan Adar na ga yadda ake yi: mai tambaya namiji ya zauna a fada, ya cika takardunsa, bai taɓa shiga cikin gida ba. Matar da mijinta ya tafi biɗa Abijan ko Libiya, ga yara, ga rijiya, ga uwar miji zaune gefen tabarma, ka ce tana da damuwa? "Lafiya lau, ciwon kai ne kawai." Nauyin da al'umma ta ɗora mata ne, kuma ƙa'idar ta bambanta shi da halittar jiki.

Hajiya Ramatou: Ka rubuta adadinsu, ka ce bai isa a yanke hukunci ba. Wani zai haɗa da nasa.

Mamane: Wannan zan iya. Amma kuɗin ɗaukar mata masu tambaya fa, Hajiya, mujallar ce za ta biya?