Don Allah wa ke da Hausar array? Gobe da safe nake da darasi

Malamar 'yan koyo: Salamu alaikum jama'a. Gobe ƙarfe 9 zan koya wa sababbin ɗalibai yadda ake rubuta method (guntun kod mai yin wani aiki) da zai karɓi array (ma'ajiyar abubuwa a jere) ya tara lambobin ciki ya dawo da jimla, a yaren rubuta manhajar kwamfuta na Java, kuma na riga na yi musu alkawarin da Hausa zan yi bayani don wancan makon da na zuba Turanci ido kawai suka zuba min. Kalma uku suka tsaya min a wuya, array, method da collection (abin da ke haɗa abubuwa da yawa wuri guda). Na rubuta "jeri" na goge ya fi sau biyar. A taimaka kafin dare ya yi nisa.

Ɗan Java: Wa alaikumus salam Malama. Jeri ba laifi amma zai cije ki mako mai zuwa in kin zo kan ArrayList, wata ma'ajiyar daban a Java, don shi ma jeri ne. Shi array in kika rubuta new int[5] to gurbi biyar kika yanka, ba ƙari ba ragi, ko kin zuba abu ko ba ki zuba ba guraben suna nan da sifiri a ciki. ArrayList kuwa miƙewa yake yi duk sanda aka ƙara masa. Ni da zan ce array jerin gurabe, index kuma lambar gurbi, a bar wa list jeri zalla.

Mai gyaran kod: Na goyi baya. Kuma gurbi zai sauƙaƙa miki bayanin kuskuren da kowane ɗan koyo sai ya yi, gurabe biyar ne amma lambarsu 0 zuwa 4, yaro ya nemi gurbi mai lamba 5 Java ta watso masa ArrayIndexOutOfBoundsException ya zauna yana zufa. Sai ki ce masa ka zura hannu inda ba a haƙa gurbi ba, shi ke nan ya gane.

Tsohon malamin nahawu: Yara kuna ta ɗaure kalma biyu da igiya alhali harshen yana da injin ƙera kalma ɗaya. Karanta, makaranta. Aikata, ma'aikata. Jeme, majema. To jera, MAJERA, wurin da ake jera abu. Ga ta nan cif, jam'inta majeru. Tun shekarun baya nake da ita a littafina ba wanda ya tambaya.

Ɗan Java: Allah gafarta Malam, majera ta yi daɗin faɗa, sai dai ArrayList ma wurin jerawa ne, ɗan'uwansa LinkedList ma haka, mun koma gidan jiya ke nan.

Tsohon malamin nahawu: Sai ka ce ƙayyadaddiyar majera da sakakkiyar majera, mene ne abin wahala. Kuma wannan "lamba" da kuka liƙa wa gurbi ai Turanci ce aka lanƙwasa. Haka aka yi mana da kwamfuta muna da na'ura mai ƙwaƙwalwa, yau an wayi gari yaro ba ya iya jimla ɗaya bai tsoma bakin wasu ba, sannan a ce Hausa ba ta iya ɗaukar kimiyya. Ba ita ta kasa ba, masu ita ne suka raina ta.

Wata ɗaliba: Baba da girmanka, ƙayyadaddiyar majera kafin in gama rubuta ta a allo an tashi daga aji 😂

Mai gyaran kod: Malam in aro laifi ne to sifiri ɗin da ake fara ƙirga gurabe da shi fa, ba Larabci ba ne? Lissafi ma haka. Faransawa da ake ba da misali da su wajen kishin harshe tableau suke ce wa array, kalmarsu ta gida, amma Japanawa array suka ba shi tasu, hairetsu, method kuwa suka lanƙwasa shi mesoddo suka wuce abinsu, kuma ba wanda ya ce Japananci ya mutu.

Tsohon malamin nahawu: Aron da ya shekara ɗaruruwa ya zama ɗan gida daban, wanda aka kwaso jiya don lalaci daban. Ku da ba ku taɓa buɗe ƙamus ɗin Bargery na 1934 ba ku ne za ku koya min aro.

Mai karatun Larabci: Tunda an taɓo Larabci, su masfufa suke cewa, tushenta ɗaya da saffu wanda mu muka mayar sahu. Me zai hana a ce sahu kawai?

Ɗan Java: Sahu na mutane ne a kunnena, kuma ana matsawa a shigar da wani, array ba ya matsawa.

Malamar 'yan koyo: Jama'a don girman Allah ƙarfe 11 ta wuce, ba a ma taɓa method ba.

Wata ɗaliba: Malama mu dai da aka ce mana "hanya" ba mu gane komai ba, don fassarar ƙamus ce. Wanda ya fahimtar da ni cewa ya yi ɗan aike ne, ka ba shi saƙo ya je ya yi aiki ya dawo maka da amsa, in void ne kuma ya tafi bai dawo da komai ba kamar wasu ƙannen namu.

Mai gyaran kod: Ƙanwata kin kawo abu. Har ma ya dace da wurin da ake yawan faɗuwa, in ka miƙa wa method array ba kwafin kayan ka ba shi ba, kwatancen inda suke ka ba shi, saboda haka in ya canza abin da ke gurbi na 2 to naka na asali ya canza. In int guda, wato lamba ɗaya, ka ba shi kuwa kwafi ya tafi da shi, naka na nan yadda yake. Amma a rubuce ɗan aike ya yi wasa da yawa, "ɗan aiken jimla" hmm.

Tsohon malamin nahawu: Aikatau. Sunan method ai kusan kullum fi'ili ne, tara, cire, juya, nemo. Abu suna ne, abin da yake yi aikatau. Wannan ko ku ba za ku musa ba.

Ɗan Java: Gaskiya wannan ta zauna Malam, sai dai ɗaliban da suka yi nahawu za su ɗauka darasin Hausa aka koma, waɗanda ba su yi ba kuma aikatau na gidan mutane za su tuna.

Malamar 'yan koyo: Bari in gwada a jimla in ji. "Wannan aikatau yana karɓar jerin gurabe, ya bi su gurbi-gurbi daga lamba 0 har zuwa tsawon jerin a cire ɗaya, yana tarawa, sannan ya dawo da jimla." Ta shiga kunne. Jerin gurabe da lambar gurbi na ɗauka. Method zan rubuta metod a allo tunda shi za su tarar a saƙon kuskure da littattafai, in yi bayani da ɗan aike, aikatau kuma zan jefa musu in ga ko za ta kama. Collection fa?

Mai gyaran kod: Tari. Amma ki ɗaga shi zuwa wani makon, don a ƙarƙashinsa akwai Set da ba ya karɓar abu iri ɗaya sau biyu, ga Map mai haɗa kowane abu da mabuɗinsa, da a Java ma ba ya cikin zuriyar Collection ɗin duk da tare ake koyar da su, kowanne sai an yi wannan rigimar a kansa.

Tsohon malamin nahawu: Matara. Tara, matara. Amma na san ba za ku ɗauka ba. Ki dai ambaci majera ko sau ɗaya ne 'yata, ki ce akwai masu cewa haka.

Malamar 'yan koyo: Zan ambata Baba, in lokaci ya ragu. Sai da safenku, ban ma rubuta misalan ba tukuna.