Wanke tsakuwar tankin kifin ado lokacin canjin ruwa

MaiKifinAdo: Salamu alaikum 'yan uwa. Tankina na lita 60 ne, tsakuwa ce a ƙasa. Da zarar na taɓa ta, sai baƙin datti ya turnuƙe ruwan. Shin in kwashe ta duka in wanke a famfo ne? Ina tsoron kada kifayen su wahala.

Baban Tanki: Wa alaikumus salam. Don Allah kada ka kwashe ta. A jikin tsakuwar nan da soson filta (na'urar tace ruwa) akwai bakteriya masu amfani, su ke mayar da ammoniyar kashin kifi zuwa naitirait, sannan naitiret wanda cutarwarsa kaɗan ce. Kulorin ɗin ruwan famfo kashe su yake, sabulu kuwa ko kusa. Nemi tiyo mai faffaɗan baki, ka cusa shi cikin tsakuwar, ɗaya bakin a bokiti a ƙasa. Za ka ga tsakuwar tana tashi tana faɗowa, dattin kuma yana bin ruwa. Ka zuƙe kashi 25 cikin 100 na ruwan duk mako, ka tsabtace rabin tsakuwar wannan karon, ɗaya rabin karo na gaba.

UwarGida: Malam ya gama magana. Ni dai yashi ne nawa, bakin tiyon nake riƙewa sama kaɗan ina juyawa a hankali, in ba haka ba yashin zai tafi. Gindin shuke-shuke kuwa ba na taɓawa, dattin wurin abincinsu ne.

MaiKifinAdo: Na gode, Allah ya saka. Sabon ruwan fa?

Baban Tanki: Sa masa maganin kashe kulorin tukuna, kuma ɗuminsa ya yi daidai da na tankin.