Malamina ya ce aikina ba kes sitadi ba ne, don Allah a taimaka

Ɗan Auyo: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina shekarar ƙarshe a NCE, karatun zama malamin makaranta. Furojet ɗina a kan yadda ambaliyar 2022 ta hana yara zuwa makaranta ne, kes sitadi ƙaramar hukumar Auyo. Shinkafata na sayar na buga takardun tambayoyi, na ari babur ɗin kawu na raba su, taya ta fashe mini a hanyar Haɗeja, har yau kawu bai daina mita ba. Yanzu malamin da ke duba aikin ya ja jan biro a kan taken, wai wannan ba kes sitadi ba ne. Bai ƙara cewa uffan ba. Difens, wato kare aikin a gaban malamai, ya matso, barci ma ba na iyawa. Yaya zan yi?

Malam Na-Ringim: Wa alaikumus salam. Yaro, gaskiya ya faɗa maka. Kes sitadi abu guda ake kamawa, makaranta ɗaya ko ƙauye ɗaya, a tone shi har ƙasa: rajistar aji, hira da hedimasta, da mai unguwa, da iyayen yara. A Harvard ta Amurka tun 1870 haka ake koyar da lauyoyi, shari'a ɗaya bayan ɗaya. Kai jin ra'ayin jama'a kawai ka yi.

Ɗan Auyo: Allah ya gafarta Malam, ai kowa a ajinmu haka ya rubuta. Wani ma Jigawa ya sa gaba ɗaya, ƙananan hukumomi 27, kuma aka sa masa hannu.

Anti 'yar Gumel: Ƙanena, kada ka wahalar da kanka. Ni nawa malamin watanni ya riƙe mini fayil, ƙarshe ya ce sai a shagon ƙaninsa zan buga. Allah ya isa. Cire kalmar kawai, ka rubuta "a ƙaramar hukumar Auyo".

Manomin Guri: Ƙaramar hukuma ɗaya ai ita ma abu guda ce. Mu nan ciyawar kacala ta toshe mana kogi, ba wanda ya zo ya rubuta namu.

Malam Na-Ringim: Ku daina ruɗa shi. Idan ya cire kalmar a take, shi ma babi na uku, na hanyar bincike, sai ya gyara, can za a kama shi. Yaro, zaɓi firamare ɗaya da ruwa ya ci, ka gwada rajistar kafin damina da ta bayanta. Shekara da shekaru ina koyarwa.

Ɗan Auyo: Malam, takardun nan fa ba zan zubar ba, na riga na biya mai kwamfuta ya fitar da alƙaluma.

Anti 'yar Gumel: To ka kira malamin naka tukuna?

Ɗan Auyo: Ba ya ɗaga waya, Anti.