Masu karɓar bashi a bakin ƙofa a Ingila

Tambaya: Salamu alaikum. Jama'a, idan ma'aikatan karɓar bashi suka zo gida kan harajin ƙaramar hukuma (council tax), dole a buɗe musu?

Amsa: Wa'alaikumus salam, Malam. Ba dole, kuma ba su da ikon fasa ƙofa kan wannan bashin. Ka kulle, ku yi magana ta taga, ka nemi katin shaidarsu. Lokacinsu 6 na safe zuwa 9 na dare ne. Haɗarin shi ne barinsu su shiga: in ka sa hannu a takardar lissafin kayanka sannan ka saɓa biya, suna iya dawowa da mai buɗe kwaɗo.

Amsa: A kula da mota, ita suke fara kamawa a waje. Tufafi, gado da firji ba a taɓa su, haka ma kayan sana'a da kuɗinsu bai wuce fam 1,350 ba.

Amsa: Tarar kotun laifi daban ce, nan suna iya shiga da ƙarfi. Ka kira National Debtline, masu ba da shawara kan bashi, kyauta ne.